Almakashina da harshen Malam

Ni ba malami ba ne, ban ma kama hanyar malanta ba. Karatun allona ya tsaya a izu goma sha biyu, na boko kuma na watsar da shi a koleji. Abin da nake ci da shi gyaran waya ne da zuba wa mutane karatu ko waƙa a katin memwar, cikin wata ƴar rumfa da ba ta wuce taku huɗu ba, gab da Babbar Kasuwar Maradi. Amma tun azumin 2020, duk wanda ya ji muryar Malamin masallacin unguwarmu a wayarsa, yana Agadas ne, yana Abijan ne ko yana Sabha, to ta hannuna ta bi. Ban nemi aikin ba, faɗo mini ya yi.

Kuna tune da shekarar. A watan Maris gwamnati ta rufe masallatai da coci-coci saboda korona, ba a sake buɗe su ba sai ranar 13 ga Mayu, lokacin azumi ya wuce rabi. Tafsirin da aka saba yi duk shekara bayan la'asar ya rasa wurin zama. Saura kwana uku a ga wata sai ga Alhaji ma'ajin kwamitin masallaci a bakin rumfata, carbi a hannu, ko zama bai yi ba.

"Kai yaro, an ce kai ka san kan wayoyin ga."

"Ɗan abin da ba a rasa ba dai, Alhaji."

"To Malam zai yi tafsiri cikin zaure, shi da mai jan baƙi. Kai za ka ɗauka ka aika ma mutane. Allah shi biya ka."

Da na ji "Allah shi biya ka" na san an gama ciniki, babu sauran wani biya.

Ranar farko bidiyo na ɗauka, don a ganina shi ne birgewa. Na jingina Tecno ɗina da kwalin sukari, awa guda da ƴan mintoci. Da na saurara da dare, abin da ya fi fitowa kukan fanka ne, sai wata akuyar maƙwabta da ta yi ta amsa wa mai jan baƙi kamar gayyatarta aka yi. Nauyin bidiyon kuma ya cinye forfe ɗina, wato datar intanet da na saya, kaf tun bai gama hawa ba. Waɗanda zan aika wa fa? Mai sayen forfe na dala arba'in ba zai ƙona shi don kallon fuskar Malam ba, fuskar da ya sani tun yana yawo babu wando. Sai na koma ɗaukar murya zalla, in matse ta. Karatun awa guda, in an matse shi a kilobit 32, mega 14 ne da ƴar ɗoriya, muryar kuma tana fita tas. Ko a ƙauyen da sai an hau jigawa ake kama rezo, wato sabis ɗin waya, mutum zai sauke shi kafin rana ta dame shi. A lokacin gurup ɗin WhatsApp mutum 256 kaɗai yake ɗauka, sai a 2022 aka faɗaɗa shi har ya kai 1024, don haka kafin Sallah muna da gurup huɗu. Nan garin kalmar gurup abu biyu take nufi, injin wuta da taron WhatsApp, kuma dukansu biyun sun sha hana ni barci.

Da aka buɗe masallatai na ɗauka an sallame ni. Ina! Ƴan ci-rani suka ce ba su yarda ba.

Akwai kalma ɗaya da Malam ba ya son ji a bakina, ita ce talla. Ranar da na ce masa ya kamata mu riƙa yi wa karatun talla, kallona ya yi ta saman tabarau ya ce, "Addini ba goro ba ne, ɗana, balle a aza shi bisa faranti." Na yi shiru don ba a musu da babba. Amma a raina ban yarda ba, har yau kuma ban yarda ba. Maradi garin ƴan kasuwa ne, kuma tun da na yi wayo nake ganin wa'azi da kasuwa suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Babana, Allah ya jiƙansa, yana da rediyo mai jakar fata da yake kamo Kaduna da ita don jin tafsirin Shaihu Abubakar Gumi, wanda ya rasu a 1992. Bayan rediyo aka shiga zamanin kaset, masu baro suna zagaya kasuwa da lasifika, kowa na ƙure muryar malaminsa don ta danne ta maƙwabci. Wannan in ba talla ba, mene ne sunansa?

Gasar ma tana da asali. Zamanin shugaba Saini Kunce ƙungiyar Musulunci guda ɗaya gwamnati ta sani, wadda aka kafa a 1974. Bayan Taron Ƙasa na 1991 ƙofa ta buɗe, ƙungiyoyi suka yawaita, Izala da aka kafa a Jos a 1978 ta samu gindin zama sosai a garin nan, ƴan ɗariƙa su ma ba su naɗe hannu ba. Gidajen rediyo masu zaman kansu irin su Anfani da Sarauniya suka zo, alhazai suka shiga sayen fili ana sa malamansu, a farko da ƙarshen shiri a ambaci wanda ya ɗauki nauyi, a yi masa addu'a. Inda masu kira suka yi yawa, dole kowa ya nemi hanyar da za a ji shi. Waya ba ta ƙirƙiro wannan ba, arha kawai ta sa shi. Da sai mai kuɗi ke iya kai muryar malami nesa, yanzu ga ni, mai rumfar taku huɗu. Kuma murya in ta shiga waya ba ta mutuwa. An kashe Shaihu Ja'afar Mahmud Adam a Kano cikin Afrilun 2007, amma ba na yin mako guda ban zuba wa wani karatunsa a kati ba, wasu masu neman ma ba a haife su ba lokacin da ya rasu.

Wanda ya raba ni da kukan fanka wani abokina ne Kirista, tela, shi ke riƙe da kayan sauti a cocinsu. Baƙi kan yi mamaki in sun ji akwai Hausawa Kiristoci ƴan asalin nan, alhali tun zamanin da ƴan mishan na SIM suka zauna Tibiri, daga baya suka buɗe asibitin kutare na Danja, ake tare. Shi ya ba ni wata ƴar igiya ya nuna mini yadda zan jona waya kai tsaye da ampli, sauti ya fito daga mikiro ba daga iska ba. Su suna haska sujadar Lahadi da waƙoƙin zumuntar mata a Facebook saboda ƴan'uwansu da ke Yamai da ƙasashen waje. In muka zauna shan shayi, kukanmu iri ɗaya ne: batir, rezo, da manyan da ke tambayar mutum nawa suka kalla kafin su tambayi ko an fahimta.

Idan aka ce in nuna abu ɗaya da na san aikin nan ya amfanar, gidanmu zan nuna. Inna ba ta karanta boko, ba ta karanta ajami, ba ta da WhatsApp. Ƴar Itel gare ta mai maɓallai, na liƙa wa maɓalli ɗaya jan salatif don ta san inda za ta danna. Tana tuyar ƙuli-ƙuli, wayar na rataye a ƙusa cikin leda, Malam na bayanin gado ko idda. Matan da ba sa fita tafsiri sun fi maza sauraro, ni shaida ne, don ƙannensu da ƴaƴansu ke kawo mini katunan. Daga baya tambayoyi suka fara shigowa ta vokal, wato saƙon murya, irin waɗanda mace ba za ta taɓa yi a gaban jama'a ba, na haila da biƙi da zaman aure. Na saurari guda biyu, kunya ta rufe ni, na je na ce wa Malam wannan ba hurumina ba ne. Aka sayi wani layi daban aka damƙa wa uwargidansa, wadda ita ma malama ce a Islamiyya. Har yau ban san abin da ake faɗa a layin nan ba, kuma shi ne ya fi kowanne aiki.

Sai maganar kuɗi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, mu kuwa nan layinmu daga Katsina yake zuwa. Masallaci ya koma duhu, ladan na kiran salla da maƙogwaronsa kamar zamanin kakanni. Kwamiti ya yanke a sayi fanno na sola da batura. Na haɗa afish, wato takardar sanarwa, a waya, na sa hoton masallaci da lambar da za a turo gudummawa ta kamfanonin aika kuɗi Nita ko Amana. Kuɗi suka fara shigowa daga wuraren da ban zata ba, wani mai haƙar zinari a arewa, wani mai turin ruwa a Legas. Duk Juma'a Alhaji ma'aji ya kawo rasit in ɗauki hoto in saka, ga abin da ya shigo, ga abin da aka saya. Wannan ɗin ya fi duk wani daɗin baki jawo bayarwa. An ɗan yi ja-in-ja da wasu suka so a riƙa jero sunayen masu bayarwa da adadin kowa, wai don a zaburar da saura. Malam ya hana, ya ce mai dala ashirin zai ji kunyar sa hannu, mai jika ɗari kuma a lalata masa lada. Wani mara tsoron Allah ma ya kwafi afish ɗin ya canza lamba ya sa tasa. Tun daga nan Malam ke karanta lambar da bakinsa a ƙarshen karatu, sau biyu, a hankali.

Zuwa nan duk abin yabo nake ba ku. Ga inda na yi ɓarna.

Ƙanena ne ya buɗe mana shafin TikTok, ya ce karatun awa guda na tsofaffi ne, matasa guntaye suke so. Gaskiya ya faɗa. Sai na shiga yanka. Da dare in zauna da abin ji a kunne, in bi karatun ranar ina neman wurin da muryar Malam ta ɗaga, in datse, in ɗora masa rubutu da manyan baƙaƙe. Nan da nan na gane abin da ke tafiya da wanda ba ya tafiya. Bayanin alwala ba ya zuwa ko'ina. Amma a ce Malam ya ambaci kishiya, ko bashi, ko wani saɓani tsakanin malamai, kafin sahur lambar masu kallo ta yi tsalle. Manhajar ba ruwanta da ingancin magana, abin da ya tsayar da yatsan mutum shi take turawa gaba, abin da ya fi tsayar da yatsa kuwa faɗa ne. Ni ma abin ya shige ni. Ina idar da sallar asuba, kafin in yi azkar, lambar nake fara dubawa.

Goman ƙarshe na azumin 2024 Malam ya yi bayanin zakkar fidda kai. Mas'ala ce da ke dawowa duk shekara: a ba da hatsi ko a ba da kuɗi? Ya ɗauki kusan minti shida yana warware ta. Ya ce abin da aka sani a Malikiyya sa'i guda ne, wato mudun Annabi huɗu, daga abincin da mutanen gari suka fi ci, mu nan gero. Ya ce Hanafiyya sun halatta a ba da ƙima. Ya ce shi shawararsa a auna hatsi, ɗan ci-ranin da ya turo kuɗi a saya masa gero a fitar, amma wanda ya riga ya ba da kuɗi bisa fatawar waɗancan malaman kada a ce masa ya yi zunubi. A tsakiyar wannan bayanin ne ya kawo maganar masu tsanantawa, har yana kwaikwayon zafinsu: "Akwai masu cewa, duk wanda ya fidda zakkar kono da kuɗi bai fidda komi ba! Ko miliyan ya bayar, sadaka ya yi, shi koma shi auni hatsi!"

A lokacin status na WhatsApp daƙiƙa 30 yake ɗauka. Na ce wa kaina saboda haka na cire "akwai masu cewa". Ƙarya nake yi wa kaina, kalmomi uku ba su kai daƙiƙa biyu ba. Na cire su ne don na san maganar ta fi zafi in babu su. Na rubuta a sama: MALAM YA FASA ƘWAI. Na saka bayan asham, na kwanta.

Kafin azahar ta gobe abin ya fi ƙarfina. Na ga guntun a gurup-gurup ɗin da ban san da su ba, da alamar nan ta cewa an yi ta tura shi. Ƴan hatsi suka ɗora shi a status ɗinsu, wani har ya haɗa da hoton buhunansa da farashin tiya. Wato na yi wa gero talla kyauta da bakin Malam. Wani yaron unguwarmu ya bugo daga Libiya hankali a tashe, ya turo wa uwarsa kuɗi ta raba wa mabuƙata, yanzu an ce masa bai yi komai ba, ga shi ba shi da wasu. Da yamma wani malami daga wata unguwa ya saki raddi na minti goma sha biyar, ya kira sunan Malam, ya ce ƙuntata wa bayin Allah ba ilimi ba ne. Almajiransa da namu suka kaure a ƙarƙashin bidiyon, har da zagin iyaye, cikin goman ƙarshe.

Bayan asham aka aiko yaro ya kira ni. Na tarar da Malam shi kaɗai a zaure bisa buzunsa, kwanon fura a rufe da faifai gefe guda, bai taɓa ba. Na tuɓe takalmi na durƙusa.

"Allah gafarta Malam, ga ni."

"Kunna mani abin ga."

Na kunna. Ya sunkuyar da kai ya saurara. Ya ce in sake. Na sake, hannuna na rawa har wayar na ƙwanƙwasar tabarma. Da ta ƙare ya daɗe bai ce komai ba, ina jin ƙarar gurup ɗin mai shagon ƙanƙara daga waje.

"Muryata ce," ya ce. "Amma maganar ba tawa ba ce. Ɗana, mi na yi maka?"

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na fara kame-kamen daƙiƙa 30, ya ɗaga hannu.

"Shekara talatin ina zaune wurin ga, ban taɓa kiran sunan wani malami da sharri ba. Jiya da dare ka sa na yi faɗa da mutum ina barci. In almakashin naka zai shiga bakina, sai ka riƙa gaya mani tukuna."

Washegari da kansa ya tafi gidan wancan malamin bisa kabu-kabu, ya kunna masa cikakken karatun, suka rabu lafiya. Ni kuma na goge guntun, na saki minti shidan gaba ɗaya tare da vokal ɗina ina ba da haƙuri. Gyaran bai kai ko kusa da inda ɓarnar ta kai ba. Wa zai tura minti shida na "wasu sun ce, wasu kuma sun ce"? Bara ma, da azumi ya zo ƙarshe, guntun ya sake ɓullowa, wani ya turo mini shi yana tambaya ko na taɓa jin wannan malamin. Wata biyu bayan abin, a Yunin 2024, gwamnati ta maido da hukuncin ɗauri cikin dokar laifukan intanet ta 2019, kan ɓata suna da zagi da yaɗa abin da ka iya ta da hankalin jama'a. Da na ji labarin a rediyo sai da gumi ya karyo mini, don na tuna irin kalaman da aka zuba a ƙarƙashin bidiyon da ni na haifar.

Ban daina yanka ba, kada ku ɗauka na zama waliyyi. Har yanzu ina ganin in ba a kai wa matasa guntu ba, wani zai kai musu nasa, kuma nasan ba lalle ya yi kyau ba. Sai dai yanzu duk guntun da zan saki sai na kai wa Malam ya ji, kuma ba na yanka mas'alar da ke da saɓani, komai daɗinta. Manyan baƙaƙen nan na "ya fasa ƙwai" da "ya yi kaca-kaca" na bar wa masu su. Masu kallo sun ragu sosai, ƙanena na ta mita wai na kashe shafi. Ni ma wani lokaci in na ga lambar wasu, zuciyata takan ɗan sosu.

Malam kuma ya samu abin tsokana. Yanzu in zai kawo maganar da ba tasa ba a tafsiri, sai ya matso da mikiro ya ce, "Kai mai almakashi, nan ba wurin yanka ba ne," masallaci ya kwashe da dariya, ni ina can gefen ampli kaina a ƙasa.

Bayan Sallar da ta wuce wani dattijo ya zo rumfata daga wani ƙauye ta wajen Madarunfa. Ya cire hularsa, ya zaro ƙullin leda daga ciki, ya kwance shi a hankali, katin memwar ne ɗan mitsitsi. Ya ce tafsirin bana yake so. Na tambaye shi ko in zuba masa guntayen, sun fi sauƙin nema.

"A'a, yaro. Duka za ka sa mani, tun daga bisimilla."

"Baba, akwai wuraren da Malam ke tari, da inda wuta ta ɗauke. Na kan share su."

"Kak ka share mani ko tari. Ina noma ina ji, ba sauri nikai ba."

Na jona katin da kwamfuta, na jawo karatun kwana ashirin da tara na tura. Ya miƙo dala ɗari, ya zauna bisa benci yana kallon koren layin nan yana tafiya a hankali.